Sunan Marigayi a Kwamfutocin Sari-Bulak

Tun da kaka ta fara rina ganyayen itatuwan Bishkek, babban birnin ƙasar, Mederbek ya san maganar likita Toktosun za ta fito fili wata rana. Abin da bai zata ba shi ne daga wata ƙasa za a taso a zo a tono ta.

Shi ne jami'in kwamfuta a ofishin wata hukumar ba da tallafi ta ƙasar waje, kuma a cikin ayyukan da ke hannunsa babu wanda ya fi tsaya masa a rai kamar na kwarin Sari-Bulak, can cikin duwatsun Narin, inda aka haife shi. Hukumar ta raba wa ƙananan asibitocin ƙauyukan kwarin kwamfutocin hannu, ta haɗa su da likitocin haihuwa na birni. Ungozoma za ta auna jinin mai ciki, ta ɗauki hoton cikin ta tura, likita ya duba daga Bishkek ya ce a bar ta a gida ko a sauko da ita tun dusar ƙanƙara ba ta toshe hanya ba. Kowace ma'aikaciya an buɗe mata sunanta da kalmar sirrinta, kowane suna kuma hukumar na biyan kuɗinsa duk shekara ga kamfanin da ya ƙera manhajar.

Sai dai babu wadda ta taɓa shiga da sunanta. Dukansu da sunan Toktosun agai suke aiki, wato malam Toktosun a harshensu, tsohon likitan da ya shugabanci kwarin tun kafin a haifi yawancinsu. Shekara da shekaru, duk takardar da ta fita daga asibitocin nan da sa hannunsa take fita, ko da a ƙauye mafi nisa aka rubuta ta, domin a ganin matan rashin kunya ne mutum ya ɗora sunansa inda na babba ya saba zama. Da kwamfutoci suka zo, tsohon ya tara su ya faɗa musu kalmar sirrinsa da bakinsa, ya ce in an yi kuskure a zo wurinsa, kada a taɓa masa yara. Mederbek ya yi magana sau ɗaya, a ladabce. Tsohon ya dube shi ta saman tabarau, ya tuna masa cewa shi ya yanke masa cibiya. Daga nan Mederbek bai sake ba.

A kakar bara tsohon ya rasu, sunansa kuwa bai daina aiki ba. Kullum safiya Mederbek kan ga marigayin ya auna mai ciki a wannan ƙauye, bayan ɗan lokaci ya karɓi haihuwa a wancan, alhali tsakaninsu tafiyar wuni ce a kan doki. Yakan zuba wa allon ido ya daɗe, ya ce a ransa gobe zai yi magana, sai goben ta zo da nata aikin.

Wata hantsi mataimakin darakta, Duishon, ya kira shi ofis.

"Rufe ƙofar, Meder. Zauna. A'a, kada ka zauna, in ka zauna tunani za ka fara."

Mederbek ya tsaya. Duishon ya shaida masa cewa majalisar ƙasar masu tallafin ta umarci ofishin babban mai binciken kuɗinta da ya duba yadda hukumar ke kashe kuɗi a kan kwamfutoci da manhajoji a duk ƙasashen da take aiki, kuma mace ɗaya daga cikin masu binciken tana tafe.

"Ka san abin da za ta gani?" in ji shi. "Sunaye birjik muna biya, ɗaya kacal ke aiki, shi ma mai shi yana kabari. Ko ni aka nuna wa haka cewa zan yi wani ne ya zauna a ɗaki yana ƙirƙiro mata masu ciki. In ta rubuta cewa bayanan nan ƙarya ne, kafin sanyi ya shigo sun rufe aikin. Matan ƙauyenku su koma jiran ikon Allah a bayan dutse."

"To me kake so in yi, baike?" in ji Mederbek, yana kiransa yaya a harshensu.

"Ni na ce ka yi wani abu? Ka dai san wace ungozoma ce a wane ƙauye. Ka mayar da kowane rubutu ƙarƙashin sunan mai shi, ka rufe na tsohon, shi ke nan. Ƙarya ce? Ba su ne suka rubuta ba?"

"Su ne."

"To! Mu da muka yi karatu a da, ba a koya mana wahalar da kai irin naku ba. Je ka, ka kuma tsara mata tafiyar da za ta yi. Ka kai ta wuraren da ke kusa, inda akwai kwalta."

Abin da ya dami Mederbek a maganar shi ne rabinta gaskiya ce. Ya koma teburinsa yana juya ta, yana neman daidai inda gaskiyar ta ƙare ƙaryar ta fara, bai iya ɗora yatsa a kai ba. Daga ƙarshe ya ɗauki waya ya kira Anarkul, babbar ungozomar kwarin, wadda ta san shi tun yana rarrafe.

"Eje," in ji shi, yadda ake kiran babbar mace don girmamawa, "ina so in rufe sunan agai a kwamfuta."

Ya ji an ajiye murfin tukunya da ƙarfi.

"Maimaita, ɗana, iska na kaɗawa a nan."

"Masu bincike za su zo daga waje. In suka ga marigayi yana aiki..."

"Rigarsa na nan rataye a ɗakin matarsa, uwarmu Batma apa. Dokinsa ba wanda ya hau tun ranar da aka binne shi. Kai kuma za ka fitar da shi daga asibitin da ya gina kafin shekara ta cika? Me kuke ci ne a Bishkek ɗin nan da ke busar muku da kai?"

"Eje, ba wulaƙanci nake nufi ba."

"Na sani, ai da wulaƙanci ne da tuni na kashe wayar. Ash ɗinsa, taron sadakarsa, ya kusa. A yanka dokin, a ciyar da jama'a, a yi masa addu'ar cika shekara, a cire wa apa baƙaƙen kaya. Bayan nan ka zo ka rufe abin da za ka rufe, ni zan riƙe maka fitila. Kana cin abinci kuwa? Muryarka kamar ta ɗan akuya."

Bayan ta kashe, ya buɗe bayanan kwarin ya zauna a gabansu. Aikin da Duishon ke so ba zai wuce na yamma ɗaya ba, kuma Anarkul ba za ta sani ba sai ranar da ta shiga kwamfuta ta ƙi karɓar sunan. Ya ɗora hannu ya janye, ya sake ɗorawa. Shi kansa bai san ko tsoron Allah ne ya hana shi ba, ko tsoron bakin Anarkul, ko kuwa halinsa ne na jinkiri wanda ya kai shi cikin wannan hali tun farko. Ya rufe bayanan yadda ya same su. Sannan ya buɗe takardar tsarin tafiya, ya bar wuraren da ke bakin kwalta, ya sa Sari-Bulak a jajibirin ash ɗin marigayin.

Mai binciken sunanta Irma Vanderlin, doguwar dattijuwa mai furfura, mai takalmin hawan dutse da ya ga duniya. Ba ta da yawan murmushi, ba ta kuma da ɗaure fuska. Tambaya takan yi a hankali, ta jira amsa, in amsar ta zo ta ƙara jira kaɗan ko akwai saura. Mederbek ne tafintanta. A hanya, yayin da motar ke hawa tana sauka tsakanin duwatsu, garkunan tumaki masu saukowa daga makiyayar bazara suna tare musu hanya, ba ta ce komai a kan aikin ba sai da suka tsaya shan shayi.

"Wa ya sa wannan kwari a tsarina? Mai gidanka ya yi mamaki da ya gani."

"Ni ne."

"Don me?"

"Can ne abin da kike nema yake."

Ta dube shi ta kurɓi shayinta.

A babban ƙauyen kwarin suka tarar da asibiti a share, an goge tagogi. Anarkul ta tare su a ƙofa da farin ɗankwali, tare da wata matashiyar nas mai suna Saikal. Irma ta ƙi zama a kujerar da aka ware mata, ta ce Saikal ta kunna kwamfuta ta shiga yadda ta saba. Saikal ta shiga.

"Da sunan wa kika shiga?"

"Da sunan Ata," in ji Saikal. Mederbek ya gaya wa Irma cewa ata baba ke nan a harshensu.

"Ba sunan mutum ba ne wannan. Wane ne? Ta faɗi cikakken sunansa."

Mederbek ya fassara. Saikal ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja. Matar ɗan marigayin ce, kuma surukar gida ba ta kama sunan uban mijinta, yana raye ko ya mutu. Irma ta jira, sannan ta rubuta wani abu.

"Ta san sunan ko ba ta sani ba?"

Ya yi mata bayani, ya haɗa da yadda tsohon ya raba kalmar sirrinsa da dalilin da ya sa ba a rufe sunan ba. Ta saurara har ya gama.

"Na ji bayanai irin wannan a ƙasashe da yawa," in ji ta, "wasu gaskiya ne. Amma ni ba zan iya kai wa majalisa al'ada a matsayin hujja ba. Tambayi wannan babbar: in aka yi kuskure a awo, mace ta mutu, wa za a tambaya?"

"Agai ya ce a zo wurinsa," in ji Anarkul, tun kafin Mederbek ya rufe baki.

"Yanzu fa?"

Anarkul ta gyara ɗankwalinta ta ce, ƙasa-ƙasa, "Wannan matar ba ta da sauƙi."

"Me ta ce?"

"Ta ce tambayarki tana da nauyi."

"Ban yarda haka ta ce ba, amma bari."

Da suka fito, Irma ta tsaya a farfajiya tana kallon duwatsun da kawunansu suka riga suka yi fari. Ta ce masa ba ta da hanyar gaskata bayanan nan sai ta ga matan da idonta, kuma ita za ta zaɓi sunayen, ba wani ba. Amma ta duba taswira: ƙauyukan a warwatse suke, wasu mota ba ta zuwa, ita kuma gobe da yamma dole ta haye dutsen. In ba ta gan su ba, abin da za ta rubuta shi ne ba a iya tabbatarwa ba, kuma ya san abin da hakan ke nufi.

"Gobe duk kwarin zai taru a fili ɗaya," in ji Mederbek.

Sai a lokacin ta gane dalilin ranar. Ta ce, "Kai ba ka faɗin magana gaba ɗaya, ko?"

Da gari ya waye, filin bayan gidan marigayin ya cika da fararen tantunan ulu. Hayaƙi na tashi daga manyan tukwane, mahaya suna ta isowa daga kowace kusurwa, tsofaffin motoci sun yi layi a bakin rafi. Duk wanda Toktosun agai ya taɓa duba shi ya zo, kuma da wuya a sami gida a kwarin da bai taɓa shiga da jakarsa ba. An yanka dokin da ya shekara ba a hau ba. Maza suna shiga tanti suna gaisuwa, mata suna ta kai da kawo da butocin shayi.

Irma ta zaɓi sunayenta ita kaɗai da sassafe, duk daga cikin waɗanda aka rubuta bayan rasuwar likitan. Ta ƙi a kira su da lasifikar da ake kiran mahaya tsere, ta ce sirrin marasa lafiya ne. Ta kuma ƙi a ba Anarkul sunayen, tunda aikinta ake bincike. Mederbek ya rasa yadda zai yi, sai ya kai ta tantin Batma apa, matar marigayin, wadda ke zaune cikin baƙaƙen kaya tana karɓar gaisuwa. Ya durƙusa ya yi mata bayani, yana jin kunyar kawo irin wannan magana a irin wannan rana.

Tsohuwar ta dubi baƙuwar. Sannan ta ce, "Wato cewa suke yi tsohona ƙarya yake rubutawa?"

"A'a, apa, ba haka ba ne..."

"Yana raye ba su ce ba, sai da ya kwanta. Zaunar da ita nan kusa da ni. Ta raɗa mini sunan, ni zan aika."

Aka zaunar da Irma a ƙuryar tanti, wurin manyan baƙi. Kafin a fara komai aka ajiye mata akushin nama, da babban ƙashi mai tsoka wanda ake ba baƙon da ya fi kowa nisan gida. Ta ce wa Mederbek a hankali dokar aikinta ta hana ta karɓar komai daga waɗanda take bincike. Anarkul, da ke zuba shayi a bakin ƙofa, ta ga hannun baƙuwar bai motsa ba.

"Meder, me ya same ta? Haƙori?"

"Doka ce, eje. Ba ta cin abincin waɗanda take bincike."

"Ka ce mata ba namu ba ne, na marigayi ne. Shi kuma ai ta ce ba a iya tambayarsa komai."

Mederbek ya fassara wannan karon yadda aka faɗa. Irma ta yi ɗan gajeren murmushi, ta ɗauki wuƙa ta yanki naman.

"Zan rubuta a rahotona cewa na ci."

"Ta rubuta cewa gishiri ya ji daidai," in ji Anarkul, "ni na sa."

Daga nan aka fara. Irma ta raɗa suna, Batma apa ta aiki wata jikarta budurwa, bayan ɗan lokaci mace ta shigo tana gyara mayafi, ba ta san dalilin kiran ba. Irma ta tambaye ta ƙauyensu, da watan da ta haihu, da wadda ta karɓi haihuwar, tana duba kwamfutarta. Yawancinsu da jariran suka shigo, a naɗe cikin barguna, kumatunsu jajaye saboda sanyi. Wata ta ɗora wa Irma nata a cinya ba tare da an tambaye ta ba, ya kuwa jiƙa mata wando, tantin ya ɗauki dariya. Wata ta yi gardama cewa ba a watan da aka rubuta ta haihu ba, sai da uwar mijinta ta leƙo ta ce, "Ke dai yi shiru, ranar da saniyarmu ta faɗa rafi ne, ni da na kira ungozoma ban manta ba."

Suna ɗaya ba a sami mai shi ba. Aka ce sun tafi Rasha neman aiki ita da mijinta tun bazara, babu mai lambarsu. Irma ta rubuta cewa ba a tabbatar ba.

Ta ƙarshe da aka kira siririya ce, ta shigo hannu babu komai. Irma ta duba allon, ta ce wa Mederbek ya ce mata ta yi haƙuri, ba sai ta amsa komai ba. Matar ta ce ba komai. Ta ce a tsakiyar sanyi ne, likitan birni ya ga hoton ya ce a sauko da ita, aka sauko da ita a kan doki har inda mota ke jira. Ita ta rayu, yaron bai zo da rai ba. Ta faɗa ba tare da kuka ba, kamar mai ba da labarin wata. Batma apa ta jawo ta ta zaunar a gefenta, ta miƙa mata shayin da ke hannunta.

Irma ta rufe kwamfutar. Da suka fito waje ta ce wa Mederbek matan gaskiya ne, aikin ma gaskiya ne, haka za ta rubuta. Amma sunan nan ƙofa ce a buɗe, kowa na iya shiga ya rubuta abin da ya ga dama, kuma ba za ta ba da shawarar a ci gaba da biyan kuɗi ba sai ta ga an rufe shi da idonta kafin ta tafi.

"Sai an yi addu'a," in ji shi. "Sai an cire wa apa baƙaƙen kaya."

"Yaushe ke nan?"

"In dattawa sun shirya."

Direba ya riga ya fara nuna mata rana da kan dutsen da za su haye. Ta dubi agogo, ta dubi tantunan, sannan ta nemi wani kututture ta zauna.

Sai da la'asar ta yi sanyi liman ya karanta Alƙur'ani, jama'a suka shafa. Tsofaffin mata suka kewaye Batma apa, suka cire mata baƙin mayafi suka ɗaura mata fari, aka sauke rigar marigayin daga inda ta shekara a rataye. Kukan da aka yi gajere ne. Da tanti ya lafa, Mederbek ya shiga da kwamfutarsa, ungozomomin kwarin suka biyo shi suka tsaya a bakin ƙofa, Irma a bayansu. Ya buɗe shafin, sunan ya bayyana. Ya ɗaga yatsa zai danna, Anarkul ta buge masa hannu.

"Kai ɗansa ne? Kai wa apa."

Ya durƙusa ya nuna wa tsohuwar inda za ta taɓa. Ta matso da fuskarta ta kalli haruffan, ko da yake idonta ya daina karatu.

"Wannan shi ne?"

"Shi ne, apa."

"Kai, tsoho, har yanzu ba ka dawo daga asibiti ba," in ji ta. "To, ya isa haka." Ta danna.

Irma ta ce tana so ta ga ɗaya daga cikinsu ta shiga da sunanta. Duk suka kalli Anarkul. Ta karɓi kwamfutar hannu, ta rubuta sunanta da yatsa ɗaya, ta tsaya.

"Meder, mece ce kalmar tawa?"

"Ke kika zaɓa, eje, ranar da aka kawo su."

"Ranar da aka kawo su! Ni abin da na ci jiya ma ban tuna ba. Ba ni wata, mai sauƙi, kada ka sa mini irin shirmen nan naku na lambobi."

Ya buɗe mata wurin sabuwa, ya juya baya yayin da take rubutawa, ita kuwa tana faɗin haruffan da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya har sai da Saikal ta taɓa ta.

Sun haye dutsen da sauran haske. A gangare, Irma ta ce masa tun kafin ta hawo jirgi kamfanin ya ba ofishinsu kwafin bayanan kwarin gaba ɗaya, kuma da ta iso ta gwada da wanda ke ofishin hukumar na Bishkek, ta tarar ba a taɓa komai ba. Da an taɓa, in ji ta, da ba ta ɓata lokacin zuwa kwarin ba. Mederbek ya kalli rafin da ke bin gefen hanya. Ya tuna yammar da ya ɗora hannu ya janye, ya so a ce ya san dalilin da ya hana shi, don ya iya jingina da shi wata rana.

"Amma zan rubuta cewa jami'in da ke kula da tsarin ya sani, bai kai rahoto ba," in ji ta. "Shekaru ana biyan kuɗin sunayen da ba a amfani da su. Wannan ma gaskiya ne."

"Gaskiya ne," in ji shi.

Rahoton ya fito a farkon sanyi. Ya soki hukumar a kan sakaci da ɓarnar kuɗi, ya ba da shawarar a ci gaba da aikin Sari-Bulak. Duishon ya kira Mederbek ya ce masa daga sama an ce a karɓi aikin kwarin daga hannunsa a ba wani, shi a mayar da shi kula da kwamfutocin ofis.

"Da ka kai ta bakin kwalta," in ji shi, amma muryarsa ba ta da zafi, kuma bai hana shi zama ba.

A safiyarsa ta ƙarshe da bayanan kwarin, dusar ƙanƙara na sauka a kan rufin motocin da ke ƙasa, ya ga awon wata mai ciki ya shigo daga babban ƙauye, da sunan Anarkul a samansa. Yana cikin kallo wayarsa ta yi ƙara.

"Meder! Ka ga abin da ka jawo mini? Wani yaron likita ya kira ni daga Bishkek, da sunana, wai me ya sa awon jinin ya bambanta da na makon jiya, wai in sake. Ni! Na karɓi haihuwar da ta fi gashin kansa yawa."

"Kin sake, eje?"

"Na sake mana. Ya yi gaskiya, shegen. Igiyar awon ce ta saki." Ta ja numfashi. "An ce an ɗauke ka daga kanmu."

"Haka ne."

"To wa zan riƙa kira in na manta kalmar nan?"

"Akwai wanda zai karɓa. Zan ba ki lambarsa."

"Bar lambarsa, kai zan kira. Ka ci abinci?"

Ya ce bai ci ba tukuna. Ta fara faɗa, shi kuma ya jingina da kujera yana saurare, yana kallon sabon awon da ta turo yana shigowa a ƙarƙashin na farko.